Ƙanena ya ce yana jiran Ubangiji, mu kuma mun gaji

Mama, gaisuwa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Kristi. Ni malama ce a wata makarantar firamare mai zaman kanta a Sabon Tasha, Kaduna. Maigidana keke napep yake tuƙawa, yaranmu uku, ɗaki da falo muke haya. Ƙanena, autanmu, shekarunsa 28. Ya yi babbar difloma, ya gama bautar ƙasa a 2022, tun daga lokacin yake wurinmu. Ba ya tashi sai ƙarfe goma, ya ci abin da na ajiye masa, ya ɗauki waya. Da yamma ya tafi gidan kallon ƙwallo ko koyon waƙa a majami'a. Ba ya fashin addu'ar dare. Sau biyu maigida yana samo masa aiki, na koyarwa da na jiran shagon POS, ya ce bai yi karatu don irin wannan ba, yana jiran lokacin Ubangiji. Mahaifiyarmu gwauruwa ce a ƙauye wajen Kachia, ita kaɗai take noma. Ta roƙe shi ya je ya taya ta, ya ƙi, amma kullum tana ce mini in riƙe ɗan'uwana. Yanzu maigida ya daina cin abinci a gida, ɗana mai shekara 11 kuma na aike shi ɗiban ruwa ya ce ai Kawu ma ba ya ɗiba. Mama, zunubi ne in na ce ya bar gidan? Ina jin kamar zan zama kamar Kayinu.

’Yata, alheri da salama su kasance tare da ke.

Na karanta wasiƙarki sau uku, kuma duk lokacin da na kai wurin maganar ɗanki sai in dakata. Zan dawo kanta. Amma bari in fara cire miki wannan ƙayar ta Kayinu daga zuciya. Kayinu ya kashe ɗan'uwansa, sa'an nan ya tambayi Allah ko shi makiyayin ɗan'uwansa ne. Ke kin ciyar da naki shekaru, kin ba shi falonki, kin raba tuwon ’ya’yanki da shi. Ba rashin ƙauna ke damun gidanki ba. Abin da ya kamata ki tambaya shi ne, irin riƙon da kike yi masa yana raya shi ne, ko yana taya shi kwanciya?

Lokacin da nake yarinya, gonar dawar mahaifina ta yi iyaka da ta wani mutum. Mutumin kirki ne a baki, bai taɓa zagin kowa ba, bai taɓa ɗaukar ko zangarniya ɗaya ta wani ba. Zai yi shuka da ruwan farko kamar kowa, daga nan ba za a ƙara ganinsa ba sai lokacin girbi. Gonarsa ta cika da ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, wannan ciyawa mai fure ja-ja mai kyau a ido, wadda take kama saiwar dawa a ƙarƙashin ƙasa tana tsotse ta. Ƙuduji guda ɗaya yana zubar da iri dubbai, ƙanana kamar ƙura, iska da ruwa da ƙafar dabbobi suna kwashe su, kuma suna iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma suna jira. Na sha ganin Baba da sassafe yana bin iyakar nan a duƙe, yana tuge su tun ba su yi iri ba, ya tara ya ƙone. Wani lokaci har ya tsallaka cikin gonar maƙwabcin yana tugewa, don ya san in bai yi ba shi zai sha wahala. Duk da haka, kunyoyin da ke bakin iyakar ba su ƙara ba mu dawar kirki ba. Ganyen ya yi rawaya, karan ya tsaya iya gwiwa. Mutumin nan har ya mutu, da za ki tambaye shi, zai rantse miki bai taɓa cutar da mahaifina ba.

Duk lokacin da na karanta Karin Magana 24:30-34, inda mai hikima ya ratsa ta gonar rago ya tarar ƙayayuwa sun rufe ta, katangar dutse kuma ta rushe, gonar nan nake gani. Mun saba ɗaukar ragwanci kamar ƙaramin laifi ne da mutum yake yi wa kansa, mu ce ai cikinsa ne zai yi kuka. Littafi Mai Tsarki bai ɗauke shi haka ba. Karin Magana 10:26 ta kwatanta rago da ruwan tsami a haƙori da hayaƙi a ido ga waɗanda suka aike shi. Duk macen da ta taɓa hura ɗanyen icce da damina ta san wa hayaƙi yake sa wa hawaye, ai mai tsugune a bakin murhu ce. A 18:9 kuma maganar ta fi zafi, an ce mai sakaci da aikinsa ɗan'uwan mai hallakarwa ne. Ɗan'uwa fa, uwa ɗaya uba ɗaya. Wancan ya zo da gatari, wannan ya naɗe hannu, amma gidan da suka bari iri ɗaya ne.

Aikin da ƙanenki bai yi ba bai ɓace ba, ’yata. Yana nan, ya sauka ne a kan wasu. Jarkar ruwan da bai ɗebo ba tana kan yaro ɗan shekara 11. Kwanon tuwon da yake ci, mijinki ne yake ƙara awa biyu a kan titi don ya biya shi, a lokacin da man fetur ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin ’yan kwanaki bayan cire tallafi a watan Mayun 2023, bai kuma koma inda yake ba. Kunyoyin da bai nome ba suna kan bayan tsohuwa. Kin fi ni sanin abin da cutar citta ta yi wa manoman Kachia da Jaba da Kagarko a daminar 2023, yadda gonaki suka ruɓe a ƙasa, irin shuka kuma ya yi tsadar da ƙaramin manomi ba ya iya kusantarsa. A irin wannan lokacin ne gwauruwa ta kira ɗanta mai jini a jika, ya ce mata a'a. Wannan ya taɓa ni ƙwarai.

Ga kuma abin da ya fi duka, wato maganar ɗanki. Yaron nan ba rashin kunya ya yi miki ba, karatun da ake koya masa a falo kullum ne ya biya miki. Yana ganin babansa ya fita tun da duhu ya dawo a gajiye, ransa a ɓace, yana ganin kawunsa ya kwana ya hantse, ya ci ya sha, yana dariya da waya. Yaro ba ya jin wa'azi kamar yadda yake jin abin da idonsa ya gani. Irin ƙudujin ya riga ya tsallako iyaka, kuma kin ji na ce yana daɗewa a ƙasa.

Kafin in ci gaba, akwai adalcin da dole mu yi wa ƙanenki. Ba duk marar aiki ne rago ba. Ƙasar nan cike take da samari masu takardu waɗanda suka yi yawon neman aiki har takalmansu suka cinye, kuma zunubi ne a kira su cima-zaune. Bulus ma da ya rubuta wa ikilisiyar Tasalonika bai ce wanda bai samu aiki ba kada ya ci. Abin da ya ce a 2 Tasalonikawa 3:10 shi ne wanda ba ya so ya yi aiki. Tsakanin "bai samu ba" da "ba ya so" akwai tafiyar kwana da kwanaki. A wasiƙarsa ta fari, 5:14, ya raba mutane kashi-kashi: a gargaɗi malalata, a ƙarfafa masu karyayyar zuciya, a taimaki marasa ƙarfi, a yi haƙuri da kowa. In kika ba mai karyayyar zuciya maganin malalaci, kin ƙarasa shi. Annabi Iliya ma ya taɓa kwanciya a ƙarƙashin itace ya ce wa Allah ya isa, ya ɗauki ransa. Allah bai tsawata masa a wurin ba, mala'ika ya aiko da abinci da ruwa, ya bar shi ya sake yin barci.

Saboda haka ki sa masa ido na kwanaki. Yana wanka, yana kula da jikinsa? Yana cin abinci da marmari? Yana barci da dare, ko juye-juye yake yi har asuba? Ya taɓa cewa gara ma ya mutu, ko shi ba shi da amfani a duniya? Akwai alamar ƙwaya ko maganin tari a kayansa? In kin ga irin waɗannan, to ciwon damuwa ne ko shaye-shaye, ciwo ne kuma da ake magani, ki kai shi asibiti. Asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya yana nan Barnawa kusa da ku, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne, ba kuma rashin bangaskiya ba ne. Amma in zan faɗa miki abin da na karanta a wasiƙarki, saurayin da yake da ƙarfin zuwa kallon ƙwallo, da koyon waƙa, da tsayuwar dare a majami'a, wanda aka kawo masa aiki har sau biyu ya raina, ba ƙarfi ya rasa ba. Girman kai ne ya auri son jiki. Mai yiwuwa akwai tsoro a ƙarƙashinsu, tsoron kada abokan karatunsa su gan shi a rumfar POS. Wannan tsoron na gaske ne, ki tausaya masa a kai, amma ba dalili ba ne da zai sa tsohuwa ta riƙa duƙawa ita kaɗai.

Sai batun jiran Ubangiji, wanda shi ne ya fi ɓata mini rai, domin an ɗauki abu mai tsarki an yi mayafi da shi. Na tabbata Ishaya 40:31 yake jawo miki, cewa masu jiran Ubangiji za su sabunta ƙarfinsu. Ki ce masa ya karanta ayar har ƙarshe. Za su tashi da fikafikai kamar gaggafa, za su yi gudu ba su gaji ba, za su yi tafiya ba su suma ba. Ana sabunta wa mutum ƙarfi ne don gudu da tafiya. Manna ma, abincin da ya sauko daga sama kyauta, sai an fita da safe an tattara, in rana ta yi zafi narkewa take yi, haka Fitowa 16:21 ta nuna. Kashegarin ranar da Isra'ilawa suka fara cin amfanin ƙasar Kan'ana kuwa, manna ta tsaya. Tun kafin zunubi ya shigo duniya Allah ya sa Adamu a gonar Adnin ya nome ta ya kiyaye ta, don haka aiki ba la'ana ba ne. Ubangijinmu da kansa mutanen garinsu da sunan masassaƙi suka san shi. Bulus, wanda ya yi karatu a ƙarƙashin Gamaliyal, ya zauna a Korinti yana ɗinkin tanti tare da Akila da Biriskilla, ya kuma gaya wa Tasalonikawa cewa dare da rana ya yi aiki don kada ya nawaita wa kowa. Wace difloma ce ta fi wannan karatun, har za ta hana mutum riƙe alli?

Akwai wurare biyu da nake so ki buɗe masa, ki bar shi ya karanta da bakinsa. Na farko Markus 7:9-13, inda Yesu ya tsawata wa masu cewa abin da ya kamata su taimaki iyayensu da shi sun keɓe wa Allah, ya ce da al'adarsu sun wofinta maganar Allah. Saurayin da zai ba majami'a darensa ya hana mahaifiyarsa ranarsa, abin da yake yi ke nan. Na biyu 1 Timoti sura 5. Mutane suna yawan jawo aya ta 8, cewa wanda bai kula da danginsa ba ya yi musun bangaskiya, ya fi marar bi muni, amma sukan manta cewa a kan gwauraye ake maganar. Aya ta 4 ta ce in gwauruwa tana da ’ya’ya ko jikoki, su fara koyon nuna ibada a gidansu, su sāka wa iyayensu. Su fara. Kafin ƙungiyar mawaƙa, kafin addu'ar dare.

To, me za ki yi?

Ki fara da maigidanki, yau ba gobe ba. Namijin da ya daina cin tuwon gidansa magana yake yi, ya rasa yadda zai faɗa ne ba tare da an ce ya ƙi dangin matarsa ba. Bayan yara sun yi barci ki same shi, ki gode masa a kan shekarun nan, ki faɗa masa a fili cewa kin ga nauyin da aka ɗora masa ba tare da an tambaye shi ba, ki roƙe shi gafara a inda kika fifita kunyar gidanku a kan zaman lafiyarsa. Ku yi addu'a tare, ku tsai da magana ɗaya. Ina jin wannan zaman kaɗai zai dawo da shi bakin kwano.

Bayan haka ki kira ƙanenki ku biyu, kamar yadda Matiyu 18:15 ta koyar. Ba a gaban yara ba, ba kuma ranar da ranki yake tafasa ba. Kada ki kira shi rago, don daga jin kalmar zai toshe kunne. Ki lissafa masa abin da ido ya gani: ga abin da ake kashewa a wata, ga lokacin da mijina yake fita, ga abin da ɗana ya ce mini, ga Mama. Ki gaya masa cewa kin yarda Allah yana da shiri a kansa, kuma saboda kin yarda ne ba za ki ci gaba da shimfiɗa masa tabarmar da yake ruɓewa a kai ba. Daga gobe ruwan gidan nan da shara da kai yara makaranta da duba musu aikin gida nasa ne. Kuɗin data da na kallon ƙwallo sun ƙare daga hannunki. Abinci kuwa kada ki hana shi, kada ki rage masa, kada ki kulle tukunya. Na san 2 Tasalonikawa 3:10 ta ce kada ya ci, amma Bulus ya rufe maganar a aya ta 15 da cewa kada a ɗauke shi kamar maƙiyi, a yi masa gargaɗi kamar ɗan'uwa. Wulakanci ba ya tayar da matacciyar zuciya, ƙara binne ta yake yi.

Sa'an nan ku sa masa rana. Maganar da ba ta da rana, hira ce. Ga damina ta kawo kai. Ni a ganina ya tafi gida ya yi noman bana da mahaifiyarsa tun daga shuka har girbi, a kuma yi yarjejeniya cewa wani kaso na amfanin nasa ne, ya zama jarinsa. In ya dawo da kaka, ya dawo a kan sharaɗi: ko ya karɓi aikin da ya samu komai ƙanƙantarsa, ko ya shiga koyon sana'a wurin mai gida na gari, haɗa sola ne, sa tayil ne, gyaran waya ne, duk wanda hankalinsa ya fi kwanciya da shi. Neman babban aiki ba ya hana wannan, ai da waya ake cike takardun yanzu, ana iya yi da dare. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ki tuna yadda Allah ya tsara taimakon matalauta a Littafin Firistoci 19:9-10, ya ce a bar gefen gona da kala. Bo'aza ya sa ma'aikatansa su riƙa zare wa Rut zangarniya da gangan suna bari, amma ita ce ta duƙa ta tsince tun safe har yamma, ta sussuke, ta ɗauka ta kai wa surukarta. Irin wannan taimakon nake so ki koma yi masa, ki bar masa kala mai yawa, ki bar masa duƙawar.

In ya ƙi ji, ki ɗauki mataki na gaba a Matiyu 18, ki kawo mutum ɗaya ko biyu. Kawunku ko baffanku in akwai mai faɗa a ji, da wani dattijon ikilisiya wanda shi kansa da guminsa yake ci. Ki kuma je wurin faston ko shugaban mawaƙan, a asirce, ki gaya masa halin da ake ciki. Sau da yawa shugabanni suna ganin saurayi ba ya fashin taro su ɗauka himma ce, ba su san gidan da ya fito yana ƙonewa ba. Fasto mai tsoron Allah zai iya ce masa ya ajiye makirufo ya je ya duba mahaifiyarsa, kuma daga bakinsa maganar za ta fi shiga. In duk an yi wannan ya kafe, to ranar da kuka sa ta cika, ya tafi. Amsar tambayarki ke nan: ba zunubi ba ne. Ƙofarki tana buɗe gare shi ya zo ya gaishe ku, ya ci abinci, ya yi Kirsimeti da ku, amma zaman ya ƙare.

Zai yi fushi, ki shirya. Zai iya cewa kin zaɓi miji kin bar jininki, wasu cikin dangi ma za su taya shi. Za ki yi kuka, na sani. A 2 Tasalonikawa sura 3, tsakiyar maganar malalata, Bulus ya juya ga masu ɗaukar nauyin ya ce musu kada su gaji da yin nagarta. Ya san su ne suke gajiya. Ki nemi mace ɗaya a zumuntar mata, mai riƙe sirri, wadda za ku riƙa durƙusawa tare kuna ambaton sunan yaron nan a gaban Allah.

Saura mahaifiyarku. Kada ta ji labarin daga bakinsa, don zai kai mata shi a karkace. Ki kira ta ranar Lahadi bayan an taso sujada, ko ma ki je da kanki in da hali. Autanta ne, kuma uwa ba ta ganin girman auta, shi ya sa take ce miki ki riƙe shi alhali ita ce take shan rana. Kada ki kai mata ƙararsa. Ki ce mata, Mama, na ga aikin ya yi miki yawa, mun yi shawara da maigida za mu turo miki ɗanki ya yi damina da ke, ki gyara masa ɗaki, ki kuma taimake ni kada ki hana shi fartanya don tausayi. Ranar tafiyar, ki raka shi tasha da kanki, ki saya masa takalmin roba, ki sa wa Mama sabulu da gishiri da ɗan magi a jakarsa, kuɗin motar kuma ki miƙa wa direba hannu da hannu. In an yi girbi ki sake rubuto mini, ina so in ji buhu nawa suka samu.